Sitiyari mai tsada ba ya sayo maki a tseren mota na intanet

Jama'a masu buga tseren mota ta intanet ina da magana da ku, musamman sabbin shiga da kullum tambayarsu ɗaya ce, wai wane sitiyari zan saya makina ya tashi. Wallahi tambayar nan tana damuna, don mutum zai tara kuɗinsa ya sayi abin da ba shi ne matsalarsa ba, ba a jima ba ka ga ya jingine kayan yana cewa gem ɗin akwai zalunci a ciki.

Mu fara da makin kansa tunda a kansa ake ta kuka. A iRacing, gem ɗin tseren mota na kwamfuta wanda ya fito tun 2008, lamba biyu ake ba ka kuma kowacce aikinta daban. Ta farko iRating, kowa da 1350 yake farawa, dabararta kusan irin wadda Arpad Elo ya ƙirƙiro wa masu wasan chess ce, ka wuce wanda ya fi ka lamba a ƙara maka da yawa, wanda bai kai ka ba ya wuce ka a zaftare maka da yawa. Amfaninta kawai idan mutane suka cika a tsere ɗaya a raba su rukuni rukuni, kowa ya faɗa cikin sa'anninsa. Shi ke nan fa, ba lambar yabo ba ce.

Ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a wajena, Safety Rating, daga 0.00 zuwa 4.99, kuma da ita ake hawa lasisi daga Rookie zuwa D, C, B har A. Ita ba ruwanta da ka zo na ɗaya ko na ƙarshe, abin da take lissafawa shi ne kwana nawa ka sha kafin ka yi kuskure. Kowane kuskure da makin laifin da ake rubuta maka, tayoyinka su bar kwalta 1x, motar ta ƙwace maka ta juya 2x, ku yi karo mai ƙarfi da wani 4x. To a nan ake rigimar, domin 4x ɗin nan ku biyu ake rubuta wa, har da kai da aka daka daga baya kana tafiyarka lafiya.

Na san da ciwo, amma ni dai ina bayan wannan tsari ɗari bisa ɗari. Kwamfuta ba ta iya gane mai laifi yadda mutum zai gane, gem ɗin da suka gwada yanke hukunci da kansu sau da yawa wanda aka cuta suke ci wa tara, kuma masu wayo da sun gano yadda alƙalin yake tunani sai su koyi yadda za su ture ka laifin ya dawo kanka. Sannan ga matsalar intanet da mutane suke mantawa. Motar da kake gani a gefenka ba lallai a nan take ba, kwamfutarka hasashe take yi daga saƙon ƙarshe da ya iso, idan saƙon ya makara sai ka ga a allonka ya buge ka, shi kuma a nasa allon akwai tazara tsakaninku. To wa za a kama? Gara a rubuta wa kowa a bar yawan tsere ya tace. Karo ɗaya tsautsayi ne, amma wanda kullum shi ake bugewa ya duba inda yake ajiye motarsa. Mai yin ganganci kuma akwai hanyar kai ƙararsa, mutane ne suke duba bidiyon. Gran Turismo 7 ma lamba biyun gare shi, DR na gudu da SR na ladabin tuƙi, kuma idan SR ya lalace DR ɗin ma ba ya wuce wani mataki.

Ku ɗauki kwanar farko ta Monza, filin tseren da ke Italiya. Doguwar miƙa ce kowa ya take totur har ƙasa, sai ga matsattsiyar kwana dama da hagu, tayoyi ba su yi zafi ba, motoci jere a gabanka kowacce sai ta taka birki kafin inda aka saba saboda cunkoso. Wanda ya jira allon gefen titi da yake taka birki a wajensa lokacin da yake gwaji shi kaɗai, wallahi bayan wani zai shige. Wannan ba sitiyari ne zai gyara shi ba, ɗaga ƙafa da wuri ne da yarda mutum biyu su wuce ka, galibi za ka same su a gaba sun juye a ciyawa.

Ba wai ina kushe kaya masu kyau ba ne. Logitech G29 na 2015 da haƙoran giya yake juyawa, ƙarfinsa 2 Nm da ɗan wani abu (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyin sitiyari), kana jin ƙaf ƙaf ɗinsa a hannu. Direct drive kuwa sitiyarin a kan sandar injin yake kai tsaye, ba bel ba giya, Fanatec CSL DD da ya fito 2021 yana ba da 5 Nm ko 8 idan ka sa babbar wutarsa, Simucube 2 Pro har 25 Nm. Da daɗi sosai, kana jin bayan motar zai sulɓe tun kafin idonka ya gani. Amma Jann Mardenborough ya ci GT Academy, gasar Gran Turismo da a da take mayar da ɗan gem direban gaske, a 2011 lokacin da yawancin 'yan gem ba su ma san irin wannan sitiyari ba, 2013 ya zo na uku a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da motar gaske. Kuma har yau akwai masu hannun gem na PlayStation kawai da suke barin masu sitiyari a baya a Gran Turismo.

In dai dole sai ka kashe kuɗi, dan Allah ka fara da birki. Feda mai araha nisan da ka danna take aunawa, ita kuwa mai load cell ƙarfin takun take aunawa kamar sikeli, kuma ƙafar mutum ta fi riƙe ƙarfi a kan nisa, shi ya sa za ka iya taka iri ɗaya zagaye bayan zagaye, ka kuma saki a hankali kana shiga kwana ba tare da taya ta kulle ba. Yawancin 4x daga wajen birki suke fitowa, so nan ne kuɗi yake taɓa maki da gaske. Amma ka sani idan kujerarka mai taya ce, kana takawa da ƙarfi baya za ka yi, sai ka kafe ta da fedar su daina motsi tukuna. Ka kuma jona wayar intanet kai tsaye ka bar Wi-Fi, don motarka ta daina ɓacewa tana dawowa a allon mutane. Bayan waɗannan ka zaɓi mota ɗaya da titi ɗaya ka zauna a kansu har ka iya zagaye 20 ba 1x ko ɗaya, sannan ka zo mu yi maganar sitiyari.