Bargon da akwatin binciken Rust bai iya ɗagawa ba

'Yan'uwa masu rubuta manhaja da Rust, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da akwatin bincike na shafukan bayanin harshen, yau dai zan faɗe shi.

Makon jiya ina zaune da wani ƙanena da ya fara koyon harshen. Ya ga an rubuta .sorted() a bayan wani Iterator cikin aikin wani, ya kwafa a nasa, kwamfaila, manhajar da ke fassara rubutun zuwa abin da na'ura ke gudanarwa, ta watso masa kuskuren E0599, wai babu wannan aiki. Ya buɗe shafin Iterator na babban ɗakin karatun Rust, ya danna S don buɗe akwatin bincike, ya bincika, bai samu ba. Kusan awa guda yana zargin kansa. Alhali aikin yana cikin ƙunshin itertools, inda layi ɗaya tak ya ce duk nau'in (type) da yake da halin (trait) Iterator ya samu halin Itertools kyauta.

Irin wannan layin shi rustdoc, manhajar da ke gina shafukan bayanin Rust, ke jerawa a ƙarƙashin Blanket Implementations, wato bargo guda da aka lulluɓa wa duk wanda ya cika sharaɗi. Da shi ToString ke hawa kan duk abin da yake da Display. Da shi Into ke samuwa duk inda aka rubuta From. Hatta alamar ? da muke jefawa a ƙarshen layi, ta hanyar From take juya kuskure zuwa Box<dyn Error>. Rabin daɗin harshen a nan yake, amma a shafi sai ka gangara can ƙasa, ka wuce Send da Sync, kafin ka tarar da shi, cikin haruffan T da U masu wakiltar nau'i, da sabon shiga ba ya iya karantawa.

Ba raina rustdoc nake yi ba. Tun fitowar Rust 1.0 a watan Mayun 2015 ya yi nisa ƙwarai, kuma docs.rs na gina bayanin duk ƙunshin da aka ɗora a crates.io ba tare da marubucinsa ya sha wahala ba. Yanzu har kana iya bincike da siffar aiki, ka rubuta abin da ke shiga da abin da ke fita, tunanin da masu harshen Haskell suka daɗe da shi a injin bincikensu, Hoogle na Neil Mitchell.

Sai dai tambayar mai koyo daban ce. Yana riƙe da nau'i a hannu, yana so ya san me zai iya yi da shi, kuma daga ina ikon ya zo. Abin da nake so shi ne in rubuta sunan nau'ina da to_string, amsa ta fito da dalilinta: kana da shi saboda kana da Display. In kuma babu, a nuna mini sharaɗin da ya rage. Wannan bayanin kwamfaila ta riga ta san shi, shi ya sa take iya cewa ka shigo da hali kaza.

Na san inda gizo ke saƙar. Binciken rustdoc a cikin burauzarka yake gudana, sai an sauko da jerin sunayen kafin ya yi aiki. In aka maimaita Any da Borrow da TryInto a kan kowane nau'i, jerin zai kumbura, sakamako ya cika da tarkace, mai sayen data da kuɗin aljihunsa shi zai fi ji a jikinsa. To a ajiye dokar sau ɗaya, a ajiye halayen kowane nau'i, a haɗa su lokacin da aka tambaya. Bargunan da ke kan kowa da kowa a tura su ƙasa, masu sharaɗi su hau sama.

Matsalar itertools ta fi wuya, domin shafin Iterator ba zai san abin da wani ƙunshi ya ƙara masa ba. Amma wanda ya buga cargo doc, umarnin gina shafukan bayani, a kwamfutarsa, duk ƙunshin da aikinsa ya dogara da su suna wuri guda. A nan ya kamata a fara gyaran.