Wa zai biya ɗan jaridar da zai faɗa wa manomi gaskiya?

Jama'a, ku kunna rediyo bayan Isha'i a Ringim ko Auyo. Sojan baka ne ya sayi fili yana wasa ubangidansa, yana sauka sai mai maganin da kwalba ɗaya ke warkar da basir da hawan jini. Ban ga laifin gidajen rediyon ba, dizal ba kyauta ba ne. Amma wa ya taɓa sayen fili don a warware wa manomi hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa duk shekara?

Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki daga Ringim har Haɗejiya. Abin da aka yi ta watsawa shi ne wane ya jajanta, wane ya raba tabarmi. Ba a zaunar da mu an ce ga yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya tafiyar kogin ba. Da can kogin kan janye da rani. Yanzu ruwa na kwance rani da damina, abin da kachala ke so ke nan, ta toshe hanyoyin ruwa, in an yi mamakon sama sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Mai wannan bayani sai ya shiga kwalekwale, ya zauna da masunta, ya tsare injiniyoyin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da tambaya, sannan ya dawo ya faɗa da Hausar da tsohuwa za ta gane. Ko kuɗin motarsa ba mai biya.

Haka batun cuta. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, an yi ta kiran mutanenmu jahilai, alhali suna tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996. Tsoronsu da tushensa. An dai rasa wanda ba yaron gwamnati ba, ba na kamfani ba, da zai ce wancan daban, wannan daban. Da mashaƙo ya ɓarke a 2023, saƙon murya na WhatsApp ya riga likita isa ƙauye.

Wani zai ce to nukiliya fa, ina ruwanmu? A Reggane, cikin Saharar Aljeriya, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a 1960, har gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da ita a 1961. Yuraniyom kuwa a Arlit ake haƙarsa, nan Nijar.

A Chicago akwai mujallar Bulletin of the Atomic Scientists, wadda masanan da suka yi aikin bam ɗin Amurka suka kafa a 1945. Su ne masu wani agogo na alama da ke nuna kusancin duniya da halaka, sha biyun dare ita ce halakar, wanda suka ajiye a saura daƙiƙa 89 sha biyun dare a 2025. Agogon bai dame ni ba, wani lokacin har nakan ga kamar akwai tsoratarwa a ciki. Abin da ya ja hankalina shi ne ba don riba suke yi ba, masu karatu da gidauniyoyi ke ɗauke da su shekara 80.

Mu kuwa mun jingina da na waje. A Maris ɗin 2025 gwamnatin Amurka ta rufe aljihu, Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit, ba wanda ya nemi shawarar mai sauraro a Birniwa.

Alhazan kasuwar Maigatari da ƙungiyoyin manoman shinkafa, da ku nake. Tiya ɗaya daga kowane manomi da kaka za ta riƙe shirin mako-mako da ɗan jarida guda. Sharaɗina biyu: a karanta sunan duk wanda ya bayar a fili, kuma ɗan siyasa mai riƙe da kujera kada a karɓi ko sisinsa, ko da ɗan garinmu ne.