Idan hali zanen dutse ne, wa ya yi zanen?

Duk wanda ya taɓa zama a bakin shago a Kantin Kwari ya san yadda ake ba da kaya bashi. Mutum zai zo daga Maraɗi ko Damagaram, a ɗaure masa dilar atamfa da shadda ta miliyoyin naira, ya tafi babu lauya babu jingina, sai ɗan rubutu a littafi. Wani kuma zai zo da babbar riga da daɗin baki, a ce masa kayan sun ƙare. In ka tambayi mai shago dalili, amsarsa ba ta wuce kalma uku ba: "Na san halinsa."

Waɗannan kalmomi uku su ne abin da masana falsafa suka shafe fiye da shekara 2,000 suna ja-in-ja a kai. Immanuel Kant na Jamus ya ce aikin kirki shi ne wanda aka yi don wajibi, bisa ƙa'idar da za ka yarda kowa ya bi. Jeremy Bentham da John Stuart Mill na Ingila suka ce a auna sakamako, a ga wane aiki ne zai fi amfanar mafi yawan jama'a. Amma tun kafin su, Aristotle na Girka, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya fara ne daga wata tambaya dabam: wane irin mutum ya kamata in zama? A wurinsa karamci yana tsakanin rowa da almubazzaranci, jarumta tana tsakanin ragwanci da ganganci, kuma babu ma'aunin da zai nuna maka tsakiyar sai hankalin da ya goge. Turawa sun daɗe da jingine wannan hanya, sai a 1958 wata malama 'yar Birtaniya, Elizabeth Anscombe, ta sake tayar da maganar.

Mu dai ba mu taɓa jingine ta ba. Hadisin da ke cewa an aiko Manzon Allah (SAW) domin cika kyawawan halaye, yaran Islamiyya ma sun haddace shi. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana hali a cikin Ihya'u Ulumiddin da cewa yanayi ne da ya kafu a zuciya, wanda ayyuka ke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba sai an tsaya dogon tunani ba. Wato wanda sai ya yi kokawa da zuciyarsa kafin ya ciro ɗari biyar bai zama mai kyauta ba tukuna, yana dai hanya. Shi ma Baturen nan Anthony Kirk-Greene, da ya yi nazarin abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki a wani rubutu da aka buga a 1974, siffofi ya lissafo: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ko ɗaya a cikinsu da majalisa za ta iya zartarwa.

Inda nake da ja da kakanninmu shi ne karin maganar nan ta "hali zanen dutse". Mun mayar da ita matashin kai. Yaro ya fara ɗauke-ɗauke, a ce halin gidansu ne. Ma'aikaci ya saba karɓar na goro, a ce mai hali ba ya fasa halinsa, a tashi taro. Ghazali ya yi wa masu wannan ra'ayi raddi tun tuni: da hali ba ya sauyawa, da wa'azi da nasiha sun zama ɓata lokaci, alhali ko doki ana horar da shi ya daina tutsu. Aristotle kuwa cewa ya yi da gini ake zama magini, da aikata adalci ake zama adali. Ai mu ɗin ne dai muka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ka dubi yadda ake rainon yaron shago. Shekarar farko shara da ɗauko shayi. Daga nan a aike shi banki da dubu hamsin, maigida yana sane da ko sisin da ke ciki. Sai a bar masa shago ya wuni, sai a bar masa mako guda. Kafin a sallame shi da jari, an gwada amanarsa sau ɗari, kuma a wurin gwajin ne amanar ta zauna masa a jiki. Babu wanda ya karanta masa babin amana. Ya dai ga maigida ya kira abokin ciniki ya mayar masa da rarar kuɗin da ya manta, ya kuma ga yadda kasuwa ke juya wa mai cin amana baya.

Kano ba ta rasa doka ba. An ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fito da shirin A Daidaita Sahu domin gyaran ɗabi'un jama'a, kuma tunanin da ke bayansa daidai ne. Sai dai yau in ka ce "adaidaita sahu" a Ƙofar Nasarawa, babur mai ƙafa uku ne zai tsaya maka. Gwamnati tana iya yin shela a rediyo, tana iya kamawa ta hukunta, amma ba ta kwana da yaro a ɗaki ɗaya.

Na san abin da za a ce mini: dogaro da halin mutane shi ya kai mu inda muke, abin da muke buƙata tsari ne mai ƙarfi wanda ko ɓarawo ya hau kujera ba zai iya sata ba. Akwai gaskiya a nan, kuma zan ƙara musu hujja. Halayen da muke yabo kansu ana fakewa da su a yi zalunci. Kunya ta sa an rufe bakin yarinyar da aka cuta, haƙuri ya zama abin da ake ba wanda aka danne kaɗai. Amma kowane tsari mutum ne ke riƙe da shi. A kawo mudun gwamnati mai hatimi, mai awon da ya so zai bubbuge gindinsa. Mai binciken da aka turo ya duba mudun, shi ma sai ya zama ba ya karɓar na goro. Alƙalin da za a kai wa ƙarar fa? Duk inda ka bi da zancen, za ka tarar da wani mutum shi kaɗai a ɗaki, babu mai ganinsa sai Allah.

Kuma yaranmu suna kallon wanda muke tashi tsaye mu ba shi wuri. A wani ɗaurin aure da na halarta kwanan baya a unguwarmu, wani dattijo da ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a firamare ya tsaya a rana a bayan sahu, babu wanda ya matsa masa. Wani matashi da babu wanda ya san sana'arsa ya sauko daga mota mai baƙin gilashi, nan take aka buɗe masa hanya har gaban liman. Yara wajen goma suna zaune kan katanga suna kallo.