Nasiha Ga Dangin Ɗaliban Likitanci Masu Iyali

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, duk ranar da matar ɗayanmu ta fara naƙuda, abin da muke fara tambaya a bakin ɗakin haihuwa shi ne ko akwai likita mace. Amma ƙalilan ne daga cikinmu suke tunanin wahalar da wannan baiwar Allah ta sha kafin ta zama likita, musamman idan aure da haihuwa sun riske ta tana tsakiyar karatu.

Karatun likitanci a Najeriya shekara 6 ne, in babu yajin aiki, sannan a ƙara shekara 1 ta horon aiki a asibiti. Ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne ko a na Shika da ke kusa da Zariya, ɗaliba takan wuni a tsaye tana bin manyan likitoci zagayen marasa lafiya, wani lokaci ta kwana a can, alhali jaririnta yana gida yana jiran nono. Na taɓa ganin wata da ƙarfe biyun dare, goyo a bayanta tana jijjiga shi, littafi a buɗe a kan tabarma, ga jarrabawa da safe. Irin wannan ce wasunmu suke yi wa gorin ba ta tuƙa tuwo ba.

Malamai sun bayyana cewa koyon likitanci farali ne na kifaya, wato idan wasu suka ɗauka sun sauke wa sauran jama'a nauyi. Ashe kuwa nauyinmu take ɗauke da shi. Allah Maɗaukaki ya umarce mu a cikin Suratul Ma'ida da mu taimaki juna a kan aikin alheri da taƙawa, kuma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana yi wa iyalinsa hidima a gida.

Don haka malam maigida, karɓi yaron nan na sa'a biyu ta samu ta runtsa. Hajiya, ki riƙe jikanki a makon jarrabawa, ki kuma tsare surukarki daga bakin dangi. Kada mu manta da ɗalibi namiji mai mata da 'ya'ya, wanda karatu bai bar masa lokacin sana'a ba, kunya kuma ta hana shi roƙo. Yayansa ko kawunsa ya biya masa kuɗin haya, ko ya aika masa da buhun masara tun bai buɗe baki ba.