Rahoton bashi daga Fadar Paparoma, da masu cewa ba huruminta ba ne

Tun da Cibiyar Nazarin Ilimin Zamantakewa ta Fadar Paparoma ta fitar da rahotonta kan bashin ƙasashe matalauta a watan Yunin 2025, maganar da ta fi ba ni haushi ita ce ta masu cewa limamai su tsaya ga addu'a, su bar lissafin kuɗi ga masana. Da alama masu wannan magana ba su taɓa duba sunayen waɗanda suka rubuta rahoton ba. Kwamitin da marigayi Paparoma Francis ya nemi a kafa, Joseph Stiglitz ne ya jagorance shi, mutumin da ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2001, tare da Martín Guzmán, tsohon ministan tattalin arzikin Ajantina, wanda da hannunsa ya sasanta bashin ƙasarsa da masu bin ta a 2020.

Ita kanta cibiyar, wadda Paparoma John Paul na Biyu ya kafa a 1994, tun farko ba ta ginu a kan sai ɗan ɗarikar Katolika ba. Ana naɗa mambobinta ba tare da duba addininsu ba, kuma shugabanta na farko, Edmond Malinvaud, masanin tattalin arziki ne Bafaranshe. A yau Kadinal Peter Turkson na Ghana ne ke riƙe da muƙamin chancellor, wato mai kula da gudanar da cibiyar, kuma ƙasarsa ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje a ƙarshen 2022, don haka ba labari ake ba shi ba.

Abin da ya fi jan hankalina a rahoton shi ne yatsan da ya nuna wa dokokin New York da na Ingila, waɗanda a ƙarƙashinsu ake rubuta galibin takardun lamunin da ƙasashe masu tasowa ke sayarwa. Duk mai ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna da Zambiya. A 1979 ta ci bashi a wajen Romaniya ta sayi taraktoci da kayan noma. Shekara ashirin bayan haka wani kamfani mai suna Donegal International ya saye ragowar bashin a kan dala miliyan 3 da ɗoriya, daga baya ya maka Zambiya a kotun Landan yana neman dala miliyan 55. A 2007 kotu ta ba shi kusan miliyan 15. Ba banza ake yi wa irin waɗannan kamfanoni laƙabi da ungulu ba, domin ba sa sauka sai inda suka ga mushe. Wanda ya ce gyara irin wannan doka aikin masana ne kawai, babu ruwan ɗabi'a da shi, ko dai bai san labarin ba, ko kuwa yana da rabo a naman.

Akwai kuma masu cewa tsarin sasanta bashi na ƙasashen G20 ya wadatar, kuma amsarsu tana N'Djamena: Chadi ce ta fara neman shiga tsarin a 2021, ta jira har ƙarshen 2022, aka ƙulla yarjejeniyar da ba ta yafe mata ko sisin kobo daga uwar kuɗin ba.

Gaskiya ne cibiyar da ke zaune a Casina Pio IV, cikin lambunan Vatican, ba ta da ikon tilasta wa kowa komai. Amma haka aka raina yekuwar Jubili ta 2000, wadda majami'u suka ja gaba, kafin ta share fagen yafe basussukan ƙasashe da dama, kuma a wannan yanayi ne Najeriya ta samu yafiyar dala biliyan 18 daga Paris Club, ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, a 2005. Ya kamata ministocin kuɗi na Afirka su ɗauki rahoton nan su kai shi gaban 'yan majalisar jihar New York da na Birtaniya da murya ɗaya, maimakon kowa ya riƙa zuwa shi kaɗai da ƙoƙon bara.