Sirrinmu ya riga ya fita tun kafin na'urar ta zo

Wani mai rubutu ya ce ƙirƙirarriyar basira, wato kwamfuta mai kwaikwayon tunanin mutum, ita ce za ta tona mana asiri. Gaskiya ne, amma mu a unguwar Aboabo a Ghana tun tuni muke ji a jikinmu. Bara ƙanina ya ci bashin sidi 300 a wata manhajar lamuni ta waya. Kafin a ba shi, sai da ya yarda su shiga lambobin wayarsa da hotunansa. Ya yi jinkirin kwana biyu kacal, sai ga saƙo ya je wa surukinsa, da malaminsa na makarantar allo, wai ɓarawo ne. Har yau ba ya iya haɗa ido da su a masallaci.

To ina ga yanzu da kwamfuta ke iya ɗaukar ɗan sautin da ka tura a WhatsApp ta kwaikwayi muryarka? Tsohuwa ta ji muryar ɗanta yana kuka yana neman a tura masa MoMo, wato kuɗi ta waya, ai ba za ta tsaya bincike ba.

Doka dai muna da ita. Akwai dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, da hukumarta, kuma sashe na 18 na tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin mutum. Amma wa ya taɓa zuwa zango ya bayyana mana ita da Hausa? An haɗa layukanmu na waya da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, an ɗauki fuskarmu da yatsunmu. Ina so in san wa ke riƙe da su, kuma wa yake ba wa.