"Ma sha Allah" Ba Gyara Ba Ce

'Yan'uwana matasa masu rubutu a Kaduna, na Tudun Wada da na Kawo har da na Rigasa, ku ba ni aron kunnuwanku. Yanzu da wuya ka sami mai sha'awar rubutu da ba ya cikin wani zauren marubuta a WhatsApp ko Facebook, wasu ma har kuɗi suke biya su shiga ajin koyon rubutu ta waya. Madalla da wannan. Amma ku duba abin da ke biyo baya idan wata ta ɗora babi: "Ma sha Allah", "Allah ya ƙara basira", "Anti muna jiran ci gaba". Addu'a kam mun karɓa. Sai dai babin yana nan da ramukansa, ba wanda ya nuna mata ko ɗaya.

Gyara shi ne ka ce: "'Yar'uwa, a babi na biyu kin ce jarumarki ba ta taɓa barin Unguwar Rimi ba, a na biyar kuma ita ke nuna wa direba hanyar Kachia. Yaushe ta san ta?" Ko ka ce hirar miji da mata ta ci shafi huɗu amma labarin bai motsa ba. Ko ka nuna wa marubuci inda ya haɗe "ya zo" ta koma kalma ɗaya, da inda ya zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Wannan yana cin lokaci, yana cin data, shi ya sa muke gudunsa mu fake da yabo.

Kada ku ɗauka manyanmu haka suka faɗo daga sama. Bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933, Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya yi aiki da marubutan a kan abin da suka rubuta kafin a buga, kuma Abubakar Imam yana cikinsu. In rubutun Imam ya bi ta hannun edita, ni da kai fa? Gasar Hikayata ta BBC Hausa, ta gajerun labaran mata, wadda aka fara a 2016, alƙalai ne ke tantance ta, kuma ba sa tambayar mutum nawa suka yaba miki a zaure.

Kai kuma da aka yi wa gyara, kada ka yi fushi ka fice daga zauren, kada ka hau dogon bayanin abin da kake nufi. In sai ka yi bayani za a gane, to ba ka rubuta shi ba tukuna. Ka kwana a kan maganar. Ba kowace shawara za ka ɗauka ba, labarin naka ne. Amma in mutum uku da ba su haɗa baki ba suka yi tuntuɓe a wuri guda, koma ka duba wurin.

Mai gyara shi ma da nasa ladabin: rubutu ake taɓawa, ba mutuncin mai shi ba. Kuma samari, don Allah, in marubuciya ta nemi a duba mata labari, a duba labarin. Bin ta ta bayan fage da "ina kike zaune" ya kori mata da yawa daga zaurukan nan.

Ajin kuɗi kuwa, kafin ka tura ko sisi ka tambaya: malamin zai karanta abin da na rubuta ya dawo min da shi da gyara? In saƙon murya kawai zai riƙa saki ga zaure cike da ɗalibai, lacca ka saya. Gara ku haɗu ku huɗu ko biyar, kowane mako a ɗauki rubutun mutum ɗaya, kowa ya kawo abu ɗaya da ya yi kyau da biyu da ke neman gyara, tare da lambar shafi. Wanda bai karanta na wasu ba, a tsallake nasa har sai ya karanta.